Yadda ake ganin saikolojis a asibiti a Katsina, da abin da za ka tarar in ka shiga

Ƙanena direban haya ne. Tun yana yaron mota a tasha har ya kama sitiyari da kansa, ban taɓa jin ya ce yana tsoron hanya ba. Wata ranar kasuwa 'yan bindiga suka tare su a wata hanya ta yammacin Katsina, suka kwantar da su a gefen titi, suka shiga daji da fasinja biyu. Shi ko ƙwarzane bai samu ba. Muka yi hamdala, aka yi sadaka, muka ɗauka magana ta wuce.

Ashe ba ta wuce ba. Sati biyu, sati uku, wata guda, mota na ajiye a ƙofar gida ƙura na hawanta. In babura biyu suka gifta a jere sai ya zabura, gumi ya keto masa ko da hunturu ake. Da dare ya yi ta juyi, in barci ya sace shi sai ya farka da salati. Hajiyarmu ta karɓo rubutu, aka yi tofi, aka kira mai ruƙiya. An yi masa gwajin maleriya da taifot har sau uku. Wani mai kemis ya ba shi ƙwayar barci, ta yi aiki kwana biyar ta daina. Sai wata nas maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, wannan yaron jininsa lafiya lau. Ku kai shi ya ga saikolojis, wato masanin halayyar ɗan'adam."

Ban san ta ina ake farawa ba. Wata huɗu na yi ina raka shi, kuma abin da zan jero a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun ranar farko.

Fara raba na jira da na gaggawa

Kafin zancen kati da layi, a duba wannan. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko aka gan shi yana neman igiya ko fiya-fiya ko yana tara ƙwayoyi, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu yana rabar da kayansa, ko mai jego ta rikice a kwanakin farko bayan haihuwa har ta kasa kula da jaririnta, to ba a jiran ranar ganin likita. A kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe wuƙa da maganin ƙwari da magunguna daga ɗakinsa. Haka nan in rikicewar ta zo da zazzaɓi mai zafi ko sandarewar wuya, domin maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna zuwa a haka, kuma waɗannan ba hira ke maganinsu ba.

Sauran kuwa za su iya bin hanyar yau da kullum: baƙin ciki da mutuwar jiki da suka haura sati biyu ba sa ɗagawa, abin da kake so a da duk ya fita ranka, faɗuwar gaba ba dalili, zuciya na bugu kamar za ta fito, numfashi na sarƙewa, firgita da munanan mafarkai da suka wuce wata guda bayan wani tashin hankali, wasuwasi da ya sa mutum maimaita alwala har lokacin salla ya fita, mai jego da kuka da ƙunci suka ƙi barinta bayan sati biyu, yaron da ya daina magana ko ya ƙi makaranta bayan an kai hari garinsu. Wanda ya san abin da mutanen Batsari, Jibiya, Safana, Ƙanƙara da Faskari suka gani a 'yan shekarun nan ya san irin waɗannan ba su da wuyar samu a cikin dangi.

San wanda kake nema

A nan mutane ke fara ɓacewa, ni ma na ɓata. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a ciwukan ƙwaƙwalwa. Shi ke rubuta magani, shi ke ba da gado. Saikolojis na asibiti, wato masanin halayyar ɗan'adam, ba ya rubuta magani ko allura. Ya yi digiri a ilimin halayyar ɗan'adam, ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya, ya yi horo a asibiti. Kayan aikinsa tambaya, sauraro, takardun gwaji, da darussan da zai koya maka. Akwai kuma nas-nas da suka yi horo na musamman a wannan fanni, da jami'in walwala wanda ke shiga maganar iyali da ta kuɗi in ta gagara. Sau da yawa za ka ga biyu ko uku daga cikinsu, kuma fayil ɗaya suke rubutu a ciki.

A manyan asibitoci ake samun su. A cikin garin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau bakin mutane bai daina ce masa FMC ba, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na jiha. Babban asibitin Daura, na Funtuwa, na Malumfashi, na Dutsin-Ma da ire-irensu su ne ƙofar farko ga mutanen yankunansu, daga nan ake rubuta takardar turawa. A wajen jiha akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya. Mutumin Daura wani lokaci bin hanyar Kazaure zuwa Kano ya fi masa sauƙi, kamar yadda Shika ta fi kusa da mutumin Funtuwa ko Bakori.

Masu wannan aikin kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, kuma ba kullum suke zama ganin marasa lafiya ba. Don haka kafin ka biya kuɗin mota daga Daura ko Baure, sa wani ɗan'uwa da ke cikin gari ya je ofishin kati ya tambayo abu uku: akwai saikolojis a asibitin, wace rana yake gani, kuma ana buƙatar takardar turawa ko a'a. Mu ba mu yi haka ba, muka yi sammako a ranar da ba tasu ba, muka dawo a banza.

Shiga ta ƙofar kowa

Ba wata ƙofa ta daban. Ka yanki kati, a buɗe maka fayil, ka biya a inda ake biya ka riƙe rasit, a auna maka jini da nauyi, ka bi layin ganin likita na yau da kullum. In kana cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, fara daga asibitin da ka yi rajista, su za su tura ka, sannan ka tambaya ƙarara ko ganin saikolojis na cikin abin da suke biya.

Abin da za ka faɗa wa wannan likitan na farko shi ne mabuɗi. Mu Hausawa da jiki muke faɗin damuwa: kaina na ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina, bayana na zafi. Duk gaskiya ne, jikin na ciwo. Amma in ka tsaya a nan, likitan da mutum hamsin ke jiransa a waje zai rubuta maka maganin ciwon jiki ya kira na gaba. Ƙanena haka ya fara, "Likita, jikina ne ba ƙwari." Na ce, "Faɗa mashi tun yaushe." Ya yi shiru. Sai na ce, "Likita, tun ranar da aka tare su a hanya bai ƙara tuƙi ba, ba ya barci, ƙarar babur na firgita shi. Muna so a tura mu wurin saikolojis." Likitan ya ajiye biro ya dube shi sosai a karon farko.

Kada ka ji haushi in ya sa a yi gwajin jini tukuna. Ƙarancin jini, ciwon suga, da matsalar wani ƙullutu da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo, duk suna iya kawo kasala ko bugun zuciya mai kama da na damuwa. Gara a kawar da su. Bayan nan ka karɓi takardar turawa, ka kai ta sashen da kanka, a rubuta maka rana a bayan kati. Ka tambayi ƙarfe nawa ake fara karɓar kati, ba ƙarfe nawa ake fara gani ba.

Daren jajibiri

Samu takarda ka rubuta, ko ka sa a rubuta maka, da boko ko da ajami: yaushe abin ya fara, me ya faru a lokacin, me ke tayar da shi, awa nawa kake barci, me ka daina yi saboda shi. A gaban baƙo rabin maganar kan gudu daga kai.

Zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, na asibiti da na kemis da na gargajiya. In kana shan taramol, ko kodin, ko wiwi, ko ƙwayar barci, shirya faɗa. Ba hukuma za ka je ba, kuma in ka ɓoye, za a yi ta maganin abin da ba shi ne ba.

Zaɓi ɗan rakiya da kyau. Wanda zai iya ba da labarin yadda kake a da, kuma wanda ba zai ji an raina shi ba in aka ce ya ɗan fita. Mace na da damar tambaya ko akwai ma'aikaciya mace, in babu ta nemi nas ta zauna a ɗakin. Wanda Turanci bai zauna masa ba ya faɗa tun a bakin ƙofa. Wannan aikin da harshe ake yinsa, in kana lalube a yaren da ba naka ba, rabin maganin ya zube.

Zaman farko

Ɗaki ne ƙarami, tebur, kujeru uku, fanka mai ƙara, kwalin tishu a gefe. Ba gado, ba sirinji. Saikolojis ɗin ya miƙe ya ba mu hannu, aka gaisa har da tambayar mutanen gida, sannan ya faɗi sunansa da aikinsa. Ya ce da ƙanena, "Malam, duk abin da ka faɗa a nan, a nan zai tsaya, daga ni sai likitocin da ke kula da kai. Ko Yayanka ba zan faɗa wa ba sai da izininka. Wuri ɗaya ne zan karya wannan alkawari: in na ga ranka ko ran wani na cikin haɗari. Ko a nan ma, kai zan fara gaya wa." In ba a yi maka wannan bayani ba, kai ka tambaya.

Ya saurare ni kamar minti goma, sannan ya ce, "Malam, ko za ka ɗan ba mu wuri?" Na fita na zauna a benci. Gaskiya na ji wani iri, ni da na kawo shi. Daga baya na gane akwai abin da ƙane ba zai taɓa faɗa a gaban yayansa ba. Sai bayan watanni ya gaya mini da bakinsa abin da ya faɗa ranar: ɗaya daga cikin fasinjojin da aka tafi da su ƙanen nawa ne ya kira shi ya shiga motar, alhali fasinjan yana shirin hawa wata. Wannan ne ke cinsa, ba bindigar kaɗai ba. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne a zaure da majalisa. A wannan ɗakin kam, abin da ka bari a ciki shi za ka koma gida da shi.

Zaman farko ya kan ɗauki kusan awa guda, kuma kusan dukansa tambaya ce. Za a tambaye ka ƙuruciyarka, aurenka, sana'arka, bashi, ko wani a dangi ya taɓa irin wannan, cin abinci, barci, har da kwanciyar aure. Wanda ya yi maka nauyi kana iya cewa a bar shi sai gaba. Za a tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin kashe kanka. Kowa ake yi wa wannan tambayar, ba zargin imaninka ake ba, kuma bincike ya nuna yin tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin. Ka amsa da gaskiya.

Wataƙila a miƙo maka takarda. Wadda aka rubuta PHQ-9 a samanta tambaya tara ce a kan sati biyun da suka wuce, makinta daga 0 zuwa 27, tana auna nauyin ciwon damuwa. GAD-7 tambaya bakwai ce a kan fargaba, daga 0 zuwa 21. Ba jarrabawa ba ce, ba a ci ba a faɗuwa. Ma'auni ne kamar na hawan jini, za a sake shi bayan makonni a ga ko lambar ta sauka.

Kafin ka tashi, ka tabbata ka samu amsar waɗannan: me yake ganin ke damuna, wace hanya za mu bi, zama nawa yake hasashe, nawa ne kowane zama, kuma wa zan nema in abin ya tsananta kafin ranar dawowa.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne. Za ka fito ranar farko kana jin an cuce ka. Ƙanena da muka hau Napep cewa ya yi, "Yaya, wai shi ke nan? Ko fanadol bai ba ni ba. Hira kawai na biya wa kuɗi?" Da yawa daga nan suke yanke zuwa. Zaman farko awo ne, kamar tela ya gwada ka. Ɗinkin na gaba.

Inda aikin yake

Hanyar da aka fi amfani da ita a asibitoci ita ce wadda za ka ji suna ce wa CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya tsara ta a shekarun 1960. Tushenta shi ne abin da zuciya ke raya maka, da abin da kake ji a jiki, da abin da kake aikatawa, sarƙe suke da juna, in ka kwance ɗaya sauran na sassautawa. Akan yi zama sau ɗaya a mako ko bayan mako biyu, minti 45 zuwa awa guda, yawanci tsakanin zama 6 zuwa 20. Kuma akwai aikin gida. Wanda bai yi aikin gida ba kamar wanda ya karɓi magani ne ya ajiye a kan taga.

Aikin farko da aka ba ƙanena littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, kowane shafi an ja layi an raba shi uku: me ya faru, me zuciyata ta raya mini, me na ji kuma me na yi. Ga ɗaya da ya yarda in kwafa. Me ya faru: babura uku sun wuce bayan isha'i. Me zuciyata ta raya mini: sun shigo gari, ni suke nema. Me na ji: tsoro tara cikin goma, na kashe fitila na shiga bayan ƙofa. A zama na gaba ba a ce masa tunaninsa shirme ba ne. Tambayarsa aka yi. Sau nawa babura suka wuce ƙofar gidanku a watan nan? Sau nawa a ciki 'yan bindiga ne? In abokinka ne ya kira fasinja ya shiga motarsa aka sace shi, za ka ce shi ya sace shi? Shi da kansa ya riƙa lalubo amsa, ya rubuta ta a ƙasan shafin da hannunsa.

Na biyu shi ne tsani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma matsalar ita ce duk gudun da ya yi yana ƙara tabbatar wa jikinsa cewa tsumman maciji ne. Gujewa na kawo sauƙi na minti biyar, ta ƙara wa tsoro ƙarfi na wata guda. Don haka suka jera abubuwan da yake gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne da makin tsoronsa cikin goma. Zama a cikin mota a kashe, huɗu. Tayar da inji, biyar. Zagaya unguwa ina gefensa, shida. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya shi kaɗai da rana tsaka, bakwai. Ɗaukar fasinja zuwa Daura, tara. Ƙa'idar ita ce ya tsaya a kan mataki ɗaya, kada ya gudu in tsoro ya taso, ya zauna har ya ji ya ragu, ya maimaita kullum har matakin ya zama ba komai, sannan ya hau na gaba. Ranar farko ina kallonsa ta taga, ya riƙe sitiyarin motar da ba ta motsi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Minti ashirin da biyar ya yi ya fito. A rana ta shida na leƙa na tarar yana jin rediyo a ciki.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne bai taɓa cewa tsoron duka ƙarya ba ne. Ya san inda muke zaune. Ya ce akwai hanyar da mai hankali ba ya bi bayan la'asar, wannan taka-tsantsan ne, a bar shi. Abin da ake magani shi ne tsoron da ya bi ka har cikin ɗakinka a tsakiyar birni. Hanyar da aka tare su ba ta cikin tsanin ko kaɗan.

An koya masa numfashi kuma: shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, fitar a hankali kana ƙirga shida, ciki ne zai riƙa tashi ba ƙirji ba, na minti biyar. An ce ya riƙa yi safe da yamma lokacin da yake lafiya, don ya same shi a hannu ranar da gaba ya faɗi. An gaya masa irin wannan bugun zuciya na firgita yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka, kuma ba ya kisa. Sanin wannan kaɗai ya rage masa rabi. Na barci kuwa: tashi lokaci ɗaya kullum, ba shayi ba goro ba kofi bayan la'asar, ba barcin rana mai tsawo, waya ta kwana nesa da shimfiɗa.

Mai ciwon damuwa aikinsa ya ɗan bambanta. Shi jira yake ya ji daɗi kafin ya tashi, su kuma za su juya masa lissafin: tashi tukuna, jin daɗin na biyo baya. Za a tsara masa ƙananan abubuwa da rana da lokaci, kamar komawa Islamiyya ranar Asabar, sallar magariba a masallaci, leƙa 'yar'uwa ranar Laraba, share tsakar gida. Abin kamar wasa, amma yana cikin hanyoyin da aka gwada aka ga suna aiki. In matsalar ta aure ce akan kira miji da mata tare. In yaro ne, rabin aikin da iyaye ake yi. Masu sikila, masu wankin ƙoda da masu ciwon daji su ma ana tura su, domin doguwar jinya na cin zuciya.

Hajiyarmu ta damu ko za a ce ya bar addu'a. Ba wanda ya ce. Azkar ɗinsa na safe da yamma ma cikin jadawalin aka sa su. Hadisi ne sananne cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma tun fiye da shekara dubu da suka wuce malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan magance tsoro da baƙin ciki da wasuwasi ta hanyar gyara tunani. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri, hana abinci, da turara hayaƙi har mutum ya shiɗe. Mutanen Daura ba su manta watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari suka fito da mutane ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo.

In an haɗa maka da magani

Wani ciwon magana kaɗai ta isa, wani sai an haɗa da ƙwaya, kuma likitan ƙwaƙwalwa ne zai rubuta. Magungunan damuwa ba kamar fanadol ba ne. Sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, wani har shida, alhali jiri ko tashin zuciya ko bushewar baki na iya zuwa tun makon farko. Mutum sai ya ce maganin bai karɓe shi ba ya watsar. Koma ka faɗa, ana iya rage shi ko a canza. In ka warke akan ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, kuma a hankali ake janye shi, ba rana ɗaya ba. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta. In azumi ya gabato, tambayi yadda za a mayar da lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam kuwa jiki na saurin sabawa da su, kada ka saye su da kanka a kemis.

Inda ake zamewa

Wajen zama na uku zuwa na biyar abin kan yi kamar ya ƙaru, domin an fara taɓa inda ake gudu. Ƙanena ya dawo daga zama na huɗu bai ci tuwon dare ba, mafarkan suka dawo kwana biyu. Ya ce ya gama. Na ce ya je ya faɗa wa mutumin da bakinsa cewa ya gama. Ya je, aka sassauta tsanin, aka raba mataki ɗaya gida biyu, ya ci gaba.

Wasu kuma sauƙi ne ke kayar da su: barci ya dawo, sai su ga ba sauran dalilin kashe kuɗin mota. In kuɗi ne matsalar, faɗa a fili. Ana iya tazarar da zaman, a ƙara aikin gida, ko a haɗa ka da jami'in walwala. In ba za ka samu zuwa ba, aika a sauya maka rana, kada ka ɓace kawai, domin dawowa layi daga baya wahala ce.

Sai bakin mutane. Za a ce an gan ka a asibitin mahaukata, in budurwa ce a ce kada manema su ji. Ba dole ne kowa ya sani ba, "ina ganin likita" ta wadatar. Ka kuma san doka na bayanka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta hana nuna wa mai wannan lalura wariya, ta hana ɗaure shi da sarƙa, ta ba shi haƙƙin a yi shawara da shi a kan yadda za a kula da shi.

Ba kowane ma'aikaci ne zai dace da kai ba. In yana yi maka faɗa ko wa'azi maimakon sauraro, in yana amsa waya rabin zaman, in ka ji sirrinka a bakin wani, in ya nemi ku haɗu a wani wuri da ba asibiti ba ko ya nemi kuɗi a hannu ba rasit, ka kai magana wurin shugaban sashen ko ofishin karɓar ƙorafi, ka nemi a canza maka. In kuma mutumin kirki ne amma an yi zama shida zuwa takwas ba abin da ya motsa, ku zauna ku sake lale. Wataƙila hanyar ce ba ta dace ba, wataƙila ana buƙatar magani, wataƙila akwai abin da ba ka faɗa ba tukuna.

Sallama

Ba a yanke zuwa kwatsam. Akan fara tazara, daga mako-mako zuwa bayan sati biyu, zuwa wata-wata. A sake cika takardar nan ta ranar farko a kwatanta maki. A zaman ƙarshe za ku rubuta takarda ɗaya tare: alamun da ke nuna abin na dawowa, me za ka yi a makon farko in ka gan su, wa za ka gaya wa a gida, da yaushe za ka dawo asibiti ba tare da jira ba. Ka adana katinka, fayil ɗinka na nan.

Na ƙanena zama goma sha biyu ne. A takardarsa alamun uku ne: kwana uku a jere ba barci, fara neman dalilin ƙin fita da mota, da daina zama majalisa bayan isha'i. A ƙasa ya rubuta sunana da na matarsa. Yanzu Katsina zuwa Daura yake yi, wani lokaci ya zarce Kano, kuma ba ya kai magariba a hanya. Takardar na ninke a aljihun gaban mota, tare da lasisinsa da takardun inshora.